Layi na Goma Sha Biyu: Ga Taubashina Abdurrazak

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 12 ga watan Agusta 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Dokta Abdurrazak Na'Allah a gidan mahaifiyarsa nan Dakoro, bayan jinyar kwana huɗu. Shekararsa arba'in da bakwai. Hutu ya zo daga Yamai, ya ce zai ga yadda hatsi ya yi a gonar gado sannan ya koma bakin aiki. An yi masa sutura bayan la'asar.

Sunana Saminu Abarci. Mahaifiyar marigayin, Gwaggo Uwale, ƙanwar mahaifina ce, ke nan ni da shi taubasai ne. Ni ne kuma ma'aikacin labo, wato ɗakin gwaje-gwajen asibiti, da ya shekara shida yana ɗibar jinin yara masu amosanin jini a nan Dakoro, yana aika masa Yamai don bincike. Dangi suka ce in rubuta ta'aziyya, wai babu wanda ya san shi kamar ni. Gaskiya suka faɗa. Abin da ba su sani ba, babu kuma wanda ya yi kishinsa kamar ni.

Abdurrazak, bari in fara da abin kunyar da ya fi kusa. Ranar jana'izarka ina tsaye a sahun gaba, hawaye na zuba, amma sai da na waiwaya na ƙirga sahu. Goma sha tara. Mutanen Kornaka sun zo da mota biyu, na Ajekoriya a kan babura, ga Abzinawa da Fulani daga Azagor waɗanda har yau ban san wanda ya kai musu labari ba. Zuciyata ta ce mini, to kai Saminu, ranar taka sahu nawa za a yi? A gaban gawarka ta faɗi haka, ko kunya ba ta ji ba. Sannan liman ya juyo ya ce duk wanda marigayi ya saɓa wa, ya dubi Allah ya yafe masa. Jama'a suka amsa, mun yafe. Ni ma na buɗe baki na ce na yafe, alhali ni ne ya kamata in durƙusa in roƙe ka.

Rana ɗaya aka sa mu lakwal, makarantar boko, benci ɗaya muka zauna. Ni nake zuwa na ɗaya, kai na uku ko na huɗu, kuma ni na koya maka rabawa da tsinke a ƙasa, bayan rumbun Gwaggo. Ban taɓa mantawa da wannan ba, ban kuma bar ka ka manta ba. A lise, babbar sakandare can Maraɗi, ka kamo ni. A bak, jarrabawar fita sakandare, ka wuce ni. Kai aka ba bursu, tallafin karatu, ka tafi Yamai, daga nan Dakar, daga nan Faransa. Ni na yi makarantar ma'aikatan lafiya na dawo gida ina neman ƙwayar zazzaɓi a madubin gwaji. Aiki ne mai albarka, kuma ban raina shi ba sai ranar da ka zo hutu na ji tsofaffin unguwa suna ce maka Dokta, ni kuwa ina nan a Saminu mai ɗibar jini.

Wasan taubashi ne ya rufa mini asiri duk shekarun nan. Abin da na ga dama nake gaya maka, a yi dariya a watse. In ce maka bawana, ɗan mace, ka je ƙasar Turawa ka koyo wanke kwalabe. In ce duk digirinka ba za ka iya gane tsutsar ciki ba. Kai sai ka yi ta dariya har kana riƙe ciki, ka rama da abin da bai kai rabin nawa zafi ba. Mutane na cewa taubasan nan akwai son juna. Rabin maganata ba wasa ba ce, kuma ina jin ka sani.

Kowa a dangi ya san abin da ya kai ka ga amosanin jini. Ƙanwarka Hawwa'u ce. Shekara goma sha huɗu ta yi a duniya, mafi yawansu tana murƙususu a tabarma, kai kana danna mata ƙafafu. Da ka dawo ƙasa, an ba ka wuraren da suka fi namu kayan aiki ka ƙi. Ka ce yaran da kake nema suna tsakanin Kornaka da Azagor. Kowane yaro da ke cikin bincikenka ka san sunansa da na uwarsa, ka san wanda ba ya son allura da wanda sai an ba shi dabino. Wata rana babur ya lalace wa wani uba a hanyar Ajekoriya da ɗiyarsa cikin ciwo, ka bar taron da ake jiranka ka je ka ɗauko su da kanka. Ni na ba da labarin a majalisa, na ƙara da cewa ai don a gani ne.

Ina nan ranar da Gwaggo ta tambaye ka wai me kake nema a jinin ƴaƴan mutane. Tana tsince wake, kana zaune a kan turmi. Ka ce mata, "Inna, a cikin ƙwayar jini akwai wani ɗan aike da muke kira kinaz. In ba a ɗora masa wani ɗan abu mai suna fosfat ba, barci yake yi. Da an ɗora masa sai ya tashi ya kai saƙo. Muna zargin saƙon nan yana cikin abin da ke sa ƙwayoyin jinin irin su Hawwa'u su manne a jijiya, ciwo ya tashi. Ido ba ya ganinsa, sai da wani ruwa da ake kira antikor. Iri biyu muke da shi. Ɗaya yana kama ɗan aiken ko yana barci ko yana farke. Ɗayan ba ya kama shi sai in yana ɗauke da fosfat ɗin." Gwaggo ta ce to Allah Ya sa ku kama shi. Ni kuwa sau uku na karanta bayanin nan da Faransanci ban gane shi ba kamar yadda na gane shi a ranar, daga bakinka zuwa kunnen tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba. Wannan ma ya ci mini rai.

Antikor na biyun shi ne abin tattali. Daga Turai ake aiko shi, sai ya yi wata huɗu a hanya tsakanin takardu da jiran jirgi, kuma abin da ke zuwa bai cika bakin cokalin shayi ba. Kana rarraba shi ɗigo-ɗigo a ƙananan kwalabe, kana rubuta wa kowace lamba. Idan gwaji ya yi, sai a ga ɗan baƙin layi a kan fim irin na hoton asibiti, layi ɗaya na yaro ɗaya. Amma duk wannan wahala a kan hannuna ta rataya, domin fosfat kamar raɓa yake, da ya ji zafi ya tafi. Ka kafa mini doka: daga fitar jini a jijiya zuwa shigarsa sanyi, minti ashirin. A ɗora kan ƙanƙara, a juya a inji, a zuba maganin da ke hana fosfat zubewa, a daskarar, a rubuta lokaci a jikin kwalba. Kai ka yi faɗi-tashi har aka kawo mana kongelatar, injin daskarar da kaya, mai aiki da hasken rana, don kada ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, ta cuce mu. A gaban ɗalibanka ka ce, duk abin da muka gani a Yamai, hannun Malam Saminu ne ya fara riƙe shi. Ka faɗa da zuciya ɗaya. Ni na ji shi kamar sadaka.

Akwai lokacin da ka kira ni staj, koyon aiki na wata biyu, a labonku na Yamai. Kafin a zuba antikor, akan jiƙa takardar gwajin a wani ruwa don kada ya manne inda bai kamata ba, kuma mafi yawan gwaje-gwaje da madarar gari ake yi. Na ga haka a littafi, ban tambayi kowa ba, na dama madara na zuba. Fim ya fito baƙi ƙirin daga sama har ƙasa. Ashe ita madara tana da nata fosfat ɗin, antikor ɗin sai ya bi ta ya manne ko'ina. Ɗalibai suka fara ƙumshe dariya. Ka ɗaga fim ɗin ka ce mutumin Dakoro ba ya ganin nono ya wuce, kai ma sau uku ka yi wannan kuskuren a Faransa. Dariyar ta koma kanka. Daga baya wani abokin karatunka ya ce mini bai taɓa ganin ka yi shi ko sau ɗaya ba. Maimakon in gode, na kwana uku ban yi maka magana ba.

Yanzu ga abin da ya sa na karɓi rubutun nan.

Wata Alhamis ce cikin Afrilun 2022, tsakiyar bazara. Yara goma sha ɗaya aka kawo mini, waɗanda muka yi wata biyar muna lallashin iyayensu. Cikinsu akwai ɗiyar Aisata, wata baiwar Allah daga Azagor, wadda ta taso tun asuba a kan amalanke. Yarinyar idanunta fari fat, jinin jikinta ma bai ishe ta ba. Na ɗiba, na jera kwalabe goma sha ɗaya a kan tebur. Ina shirin ɗauko ƙanƙara sai na ji rediyon mai gadi yana ambaton sunanka. An ba ka lambar yabo a Dakar. Mai labarai ya ce ɗan Dakoro ya fitar da mu kunya, ya yi ta jero ƙasashen da ka je. Babu wanda ya ambaci ƙanƙara.

Na tsaya da galasiya, akwatin ƙanƙarar, a hannu. Sannan na ajiye ta. Na fita gindin bishiyar bedi inda ake dafa shayi, na zauna ana ta yi mini barka da arzikin ɗan'uwa, ina amsawa. Na sha na fari, na sha na biyu, na sha na uku. Na yi azahar. Sai bayan awa huɗu na koma, ɗakin ya yi zafi har kwalaben sun yi ɗumi a hannu. Na yi duk abin da ya kamata in yi tun da safe, na ɗauki biro na rubuta tara da minti ashirin a jikin kowace. Ba mantuwa ba ce, ba aiki ne ya yi mini yawa ba. Cewa na yi a raina, in shi gwani ne, ya gano.

Bayan mako uku ka kira ni a waya. Muryarka ba ta sauya ba. Ka tambayi iyali, ka tambayi zafi, sannan ka ce gwajin bai yi ba. Ka ce antikor mai kama kinaz ko yana barci ya nuna yaran duka goma sha ɗaya, amma mai kama fosfat bai nuna ko ɗaya ba. Sai ka ce, "Antikor ɗin ne ya lalace, taubashi. An ɗauke mana kuran kwana biyu, ban kula da firigo ba har sanyinsa ya tafi. Sakacina ne." Kwalbar antikor ta ƙarshe ke nan da ta rage maka. Na ce Allah Ya kiyaye gaba, har na ƙara da wasa, na ce Dokta guda bai iya gadin firigo ba. Ka yi dariya.

Wata huɗu aka jira sabon antikor. Da ya iso, ba ka aiko ni wurin iyayen yaran ba, da kanka ka zo. Muka bi su gida-gida. A Azagor, Aisata ta saurare ka har ka gama, ta ce, "Likita, jinin ɗiyata ba ruwan rijiya ba ne." Ka cire hula, ka durƙusa a gaban bukkarta cikin rana, ka ce tana da gaskiya, kai ka yi sakaci da amanar da ta ba ka, in ta hana ba ta yi laifi ba. Ina tsaye bayanka riƙe da galasiya. Kalma ɗaya ta isa in sauke maka kayan nan, ban faɗe ta ba. Kuma Allah Ya sani, a cikin kunyar da nake ji har da wani ɗan daɗi na ganin gwiwarka a ƙasa. Aisata ta yarda saboda kai. Gida biyu ba su yarda ba, yaransu suka fita daga binciken, tare da duban lafiyar da ake yi musu kowane wata.

Karo na biyu na kiyaye minti ashirin, layuka suka fito. Da takardar binciken ta fita, sunana ne na biyu, bayan naka, gaban na ɗalibanka masu digiri. Na ɗauka asirina ya rufu har abada. Na ma fara gaya wa kaina cewa wataƙila da gaske firigon ne.

Ranar addu'ar bakwai, matarka Suwaiba ta kira ni gefe ta miƙo mini jaka. Ta ce kayen aikinka ne, littattafan da kake rubuta gwaje-gwaje, guda tara, ka taɓa ce mata in wani abu ya faru a ba Yaya Saminu, shi zai iya karanta su. Na kai gida na buɗe na 2022, ban san me nake nema ba, ko kuma na sani. A shafin ranar 12 ga Mayu ga fim ɗin nan manne da salatif. Na ƙirga gurabe. Goma sha ɗaya babu komai, fari tas. Amma akwai gurbi na goma sha biyu, wanda ba ka taɓa ambata mini ba. A nan kake sa jinin shaida, wanda ka riga ka tabbatar yana ɗauke da fosfat, don a san ko antikor yana aiki. Layin yana nan, baƙi, mai kauri, kamar yau aka wanke shi. Kai ka koya mini karanta fim, don haka ba na bukatar wanda zai fassara mini. Antikor bai lalace ba. Firigo bai yi komai ba. Tun kafin ka ɗauki waya ka san jinin ya jima a waje, ka kuma san hannun da ya rubuta tara da minti ashirin.

A ƙarƙashin fim ɗin ka yi rubutu layi biyu, ba da Faransanci ba kamar sauran shafukan, da Hausa: "Jinin ya sha zafi. Saminu ya gaji, na bar shi da ƙanƙara shi kaɗai ina karɓar tafi. A sa sunansa na biyu."

Ba gajiya ba ce, Abdurrazak. Hassada ce. Na so a ce ka rubuta sunanta, na so a ce ka kira ni ka zage ni, ko ka kai ƙarata wurin Gwaggo, da mun yi ta ta ƙare. Shekara uku kana cin tuwo da ni a akushi ɗaya, kana dariyar wasan firigo duk lokacin da na maimaita shi, kuma na maimaita shi ya fi a ƙirga. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to naka ya riƙe abin da nawa ba zai iya ba. Kuma ga gaskiyar da ta fi ɗaci: da na rufe kayen, abin da na fara ji ba nadama ba ce. Kishi ne. Na ce ko a nan ma ya fi ni. Na yi ta tseren karatu da kai, na suna, na sahun jana'iza, ashe inda ka yi mini nisa ban ma san ana tsere a wurin ba. Hausawa suka ce hassada ga mai rabo taki ce. Ni na zuba takin, ni kuma aka ba in ga yabanyar.

Jiya na karanta wa Gwaggo wannan takarda kafin kowa ya gani. Ta saurara har na kai ƙarshe. Sannan ta ce ita uwa ce, nata haƙƙin ta yafe, amma ba ita ce ta durƙusa a Azagor ba, kuma ba jininta aka bari a tebur ba. Ta ce wanda zai yafe na farko ya tafi, masu na biyun suna nan da ransu.

Ɗalibanka sun ce aikin ba zai tsaya ba. Akwai kwalabe shida na antikor a kongelatar labonku ta Yamai da lambobin da ka rubuta da hannunka. Ranar Alhamis mai zuwa Aisata za ta kawo ɗiyarta. Kafin in ɗaura wa yarinyar roba a dantse zan gaya wa uwar wanda ya yi sakaci da amanarta, in gaya mata mutumin da ya cire hula a gabanta ba shi da laifin komai. Daga nan zan nemi gidaje biyun nan. In sun kore ni, suna da gaskiya.

Ina miƙa ta'aziyya ga Gwaggo Uwale, wadda ta binne Hawwa'u yau kuma ta binne wanda ya tashi don Hawwa'u. Ga Suwaiba da ƴaƴanta, Hamdiya da Harisu, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya ku bisa halin ubanku. Ga ɗalibansa da abokan aikinsa na Yamai, da iyayen yaran Kornaka, Ajekoriya da Azagor, Allah Ya mayar muku da wanda zai riƙe ku kamar yadda ya riƙe ku.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Abdurrazak, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa ciwon da ya yi ya zama kaffara. Ka sa kowane yaro da ya samu sauƙi ta dalilin aikinsa ya zama sadaka mai gudana a gare shi. Ya rufa asirin wanda ya cuce shi, Ka rufa nasa ranar da asirai za su tonu. Ka haɗa shi da Hawwa'u a Aljanna Firdausi.

Ni kuma, taubashi, na ce na yafe maka a gaban liman, ba ka da abin da zan yafe. Kai ne za ka yafe mini, kuma na bari har ƙasa ta rufe bakin da zai faɗa. Ina roƙon Allah Ya ba ka matsayin da ya fi nawa nesa ba kusa ba. Wannan ne karo na farko da na roƙa maka haka ban ji zafi ba.

Saminu Abarci
Dakoro